Me ke faruwa a cikin batirin wayarka kafin ya kumbura?



Duk mai shiga wajen masu gyaran waya a Babbar Kasuwar Kaduna, wato kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya san batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfin waya. Mai gyara zai ce zafi ne da yawan caji, ya canza maka wani. Amma shi kansa bai ga abin da ya faru a ciki ba. In kuwa ka fasa batir don ka leƙa, ai ka riga ka ɓata abin da kake son gani.

To, a nan na'urar sinkurotiron take da amfani. Wani ƙaton zobe ne. Wanda ke Grenoble a Faransa, mai suna ESRF, kewayensa mita 844. Ana kora ƙwayoyin lantarki a cikinsa da gudu kusan na haske, maganaɗisu yana lanƙwasa hanyarsu. Duk lanƙwasawa sai su fitar da hasken eksire, irin na hoton ƙashi a asibiti, amma ya ninka shi haske sau biliyoyi.

A 2015 masu bincike na University College London suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a can. Sun gasa ƙananan batira masu kama da gwangwani, irin na cikin wasu fawa bank, suna ɗaukar hoto fiye da 1,000 a daƙiƙa guda. Sun ga iska tana taruwa tana tura faifan ciki, har jan ƙarfe ya narke. Shi fa jan ƙarfe sai zafi ya haura digiri 1,000 yake narkewa! Batirin da ba shi da madogari a tsakiyarsa kuwa, murfinsa ne ya yi tsalle, kayan ciki suka watse. Irin wannan gani ne ke nuna wa kamfani inda zai gyara.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya: duk faɗin Afirka babu sinkurotiron ko ɗaya. Jodan ta buɗe SESAME a 2017, kuma tun 2019 da hasken rana take aiki. Taron farko kan gina ta Afirka, a Nuwamban 2015, a Grenoble ɗin aka yi shi. Ɗalibin ABU Zariya da ke son leƙa cikin batir ko rodi haka, sai ya rubuta takardar neman lokaci, in an amince, ya nemi biza.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.