Gilashin Matakalar Bene: Ka San Yadda Zai Fashe Kafin Ka Saya

Tun da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya fara ratsa gonakin Kadawa, noman rani ya sauya fuskar Kura da Bunkure. Kuɗin shinkafa da tumatir ya zama bulo da siminti. Yau sai ka ga manomi ya ɗora bene, ya ce a sa masa shingen gilashi a matakala irin na gidajen unguwar Nasarawa a Kano. Ba laifi, sai dai gilashi suna ya tara.

Akwai gilashin taga na gama-gari. Komai kaurinsa, in ya fashe dogayen tsinaye yake yi masu yanka har ƙashi. Wannan ba shi da gurbi a matakalar da yara ke tsere a kai.

Na biyu gasasshen gilashi ne. Ana zafafa shi ya haura digiri 600, sannan a huce shi nan take da iska. Ƙarfinsa ya ninka na taga sau huɗu zuwa biyar, kuma in ya fashe sai ya marmashe ƙanana kamar tsakuwa. Shi ne a tagogin gefen mota. Rauninsa yana a baki-baki: bugu ɗaya a kusurwa, ko da da ƙafar gadon ƙarfe ne ranar jere, zai iya zubar da shi gaba ɗaya, ya bar wagegen gibi a saman bene.

Na uku mai ninki ne, wato falle biyu da aka manne da leda mai ƙarfi a tsakiya, irin gilashin gaban mota. Ko ya tsage, ledar na riƙe ɓaraguzan a tsaye har a kawo wani. Inda babu ƙarfe kewaye da gilashin, ko inda faɗuwar ke da nisa, gasasshe kuma mai ninki shi ne zaɓi. In kuwa akwai sandunan ƙarfe da abin dafawa a sama, gasasshe mai kaurin milimita 10 zuwa 12 yakan wadatar.

Yaya za ka gane na gaske? Gasasshen gilashi ba ya yankuwa, ba ya huduwa. Duk yanka da huda kafin gashi ake yin su. Saboda haka in mai shago, a kasuwar Kofar Ruwa ne ko a ina, ya ce zai yanka maka shi a gabanka, to ba shi ba ne. Duba kuma tambarin masana'anta a kusurwa. Kada a ɗauki awo sai an gama sa tayil, domin kuskuren santimita ɗaya asarar falle guda ce.

Tsayin shingen kada ya gaza santimita 90, tazarar da ke tsakanin falle da falle kuma kada ta kai santimita 10, don kada kan yaro ya shige. A sa roba tsakanin gilashi da ƙarfe, a kafa ƙusoshin cikin kankare, ba cikin filasta ba.

In kuɗin bana bai kai na gilashin kirki ba, kira mai walda ya yi maka na ƙarfe, ka jira girbi mai zuwa. Araha ba ta ado, balle a inda ƙafar yaro ke iya zamewa.