Injin gudu, keke ko igiya: Yadda ake zaɓen na'urar motsa jiki don rage ƙiba

A gidaje da dama a Kano, Kaduna da Abuja akwai injin motsa jiki da aka saya da tsada, aka ajiye a kusurwar ɗaki, wanda a yau aikinsa bai wuce rataye tawul da babbar riga ba. Yawanci mai shi ya saye shi ne bayan likita ya gargaɗe shi game da hawan jini ko ciwon suga, kuma tambayar da ya yi wa mai shago ɗaya ce: wanne ne ya fi ƙona kitse? Tambayar tana da amsa, amma ita kaɗai ba ta isa a yanke shawara a kanta ba.

Abin da ake aunawa shi ne kalori, wato ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci yake kuma kashewa wajen aiki. Yawan abin da mutum zai ƙona ya dogara ne kan nauyin jikinsa, da tsananin aikin, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana yi. Mai nauyin kilo 70 da ya yi tafiyar rabin awa da saurin kilomita 5 a awa zai ƙona kalori kusan 120. Idan gudu ya yi da saurin kilomita 10 a awa, adadin zai kai wajen 350, mai kilo 100 kuma wajen 500. Inji ba ya ƙona komai da kansa, dama kawai yake bayarwa.

Yana da kyau mai saye ya san girman aikin da ke gabansa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori kusan 7,700, yayin da robar lemon kwalba ta rabin lita ke ɗauke da wajen 200. Wanda ya yi gumi na rabin awa a kan keke, ya sauko ya kwankwaɗi lemo mai sanyi, ya mayar da kusan duk abin da ya fitar.

Idan gasar ƙona kalori ce zalla, injin gudu ne kan gaba. Wani bincike da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta wallafa a 1996 ya gwada injina shida, ya gano cewa idan mutane suka ji sun wahala daidai wa daida a kan kowanne, a kan injin gudu suka fi kashe ƙarfi. Dalilin a fili yake: mai gudu yana ɗauke da dukkan nauyin jikinsa a kowane taku. Ba mamaki da kakan wannan inji ya fara shahara a gidajen yarin Ingila tun 1818, inda ake hukunta fursunoni da taka shi.

To amma wannan nauyi da ke sa a ƙona kalori da yawa, shi ne kuma ke sauka a kan gwiwa da idon sawu da ƙugu. Mai teɓa sosai ko mai amosanin gaɓɓai da ya fara da gudu, sau da yawa ciwo ke zaunar da shi kafin wata ya zagayo. Irin wannan gara ya yi tafiya, ya ɗaga gaban injin ya zama kamar hawan tudu, domin hawa yana ƙara aiki ba tare da dukan da gudu ke yi wa gaɓɓai ba. Sai dai ya saki ƙarfen riƙo da zarar ya saba, don wanda ya jingina a kansa ya rage wa ƙafafunsa aiki.

Akwai kuma batun wuta, wanda masu talla ba su cika ambata ba. Injin gudu mai mota yana jan lantarki sosai, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, kuma hawa da saukar wuta na iya ƙona masa allon sarrafawa, abin da gyaransa ke da tsada. Ɗaukewar wuta ana tsaka da gudu na iya jefar da mutum. Gidan da ke da ƙananan yara ma sai an yi hattara: a 2021 kamfanin Peloton na Amurka ya janye wani samfurin injinsa daga kasuwa bayan mutuwar wani yaro da raunata wasu. A cire makullin tsaro a ɓoye bayan an gama.

Keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya bai kai injin gudu ƙona kalori ba. Mai kilo 70 zai fitar da wajen 250 a rabin awa na matsakaicin tuƙi. Amma ga mafi yawan gidaje shi ne zaɓin da ya fi dacewa. Ba ya buƙatar wutar Nefa, ba ya cin wuri, ba ya ƙara, kuma sirdi ne ke ɗaukar nauyin jiki. Matar aure za ta iya hawansa a ɗakinta bayan sallar asuba ba tare da ta tayar da kowa ba. Akwai mai kujera da majinginar baya, wanda ya fi sauƙi ga dattawa da masu ciwon baya. Laifin keke ɗaya ne: yana da sauƙin yi wa kai ha'inci, mutum ya riƙa juya feda a hankali yana duba waya, ya sauko bai yi ko gumi ba.

Injin eliftika, wanda ake tsayawa a kan fedoji biyu hannaye na tura sanduna, yana tsakanin biyun: a tsaye ake, amma ƙafa ba ta dukan ƙasa. Masu arha daga cikinsa takunsu gajere ne, dogon mutum ba zai ji daɗinsu ba. Injin tuƙin kwale-kwale yana aiki da ƙafafu da baya da hannaye a lokaci guda, sai dai wanda bai koyi zaman da jan ba zai iya jawo wa kansa ciwon ƙugu. Igiyar tsalle kuwa, da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, tana gogayya da gudu wajen ƙona kalori, amma kaɗan ne ke iya jure ta minti goma a jere.

Lambobin da allon inji ke nunawa ƙiyasi ne kawai, musamman idan ba a shigar da nauyi da shekaru ba, kuma sukan yi ƙari. Numfashi ya fi su gaskiya. Wanda ke iya magana amma ba ya iya waƙa, yana matsakaicin aiki. Wanda ba ya iya furta fiye da 'yan kalmomi sai ya ja numfashi, ya shiga mai tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Rabin awa sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin adadin, kuma a nan ne ake gane injin da ya dace: wanda gwiwa da aljihu da wutar gida za su bari a hau sau biyar a mako, wata bayan wata.

Shi ya sa kafin a biya kuɗi ya kamata mutum ya yi rajistar wata ɗaya a gidan motsa jiki, ya gwada kowanne, ya ga wanda ƙafarsa ke komawa gare shi. Mai ciwon zuciya, hawan jini ko suga, da mai juna biyu, su fara ganin likita. Idan na gwanjo za a saya, a hau shi a shago na aƙalla minti goma, a saurari ƙarar mota, a duba ko bel yana zamewa, a karanta iyakar nauyin da aka rubuta a jikinsa, sannan a tambayi mai shago inda ake samun kayan gyara da wanda zai gyara.