Cibiyar taimakon rubutu a jami'a: ɗakin da ba a rubuta wa ɗalibi komai

Duk uban da ke da ɗa a ajin ƙarshe na jami'a, ko a Sabon Ibadan yake ko Agege ko Ama Hausa ta Owerri, ya san wayar nan da ake bugowa: "Baba, a turo kuɗin furojet." Wani kuɗin na buga takarda ne da ɗinke kundi, wannan halal ne. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, wani kuɗin na sayen aikin ne ɗungurungum. A bakin ƙofar jami'o'i da yawa akwai shagunan kwamfuta da za su haɗa wa yaro babi biyar cikin mako guda. Ranar kare kundi malami ya yi masa tambaya ɗaya a kan shafi na goma, yaro ya tsaya yana zare ido.

Ba lalaci kaɗai ke kai yaranmu can ba. Da yawansu ba wanda ya taɓa zama da su ya nuna musu yadda ake gina rubutu. Shi ya sa nake so in bayyana wani tsari da jami'o'i da dama a duniya suka daɗe da shi, wato cibiyar taimakon rubutu. Na yi aiki a irinta lokacin da nake digiri na biyu a waje, don haka abin da zan faɗa na gani da idona.

Asalin abin daga Amurka ne. Ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ita ce ta Jami'ar Iowa, wadda wata malama, Carrie Stanley, ta fara a 1934. Ta Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana kuwa Muriel Harris ce ta kafa ta a 1976, daga baya a tsakiyar shekarun 1990 suka ɗora darussansu a intanet da sunan Purdue OWL, wanda har gobe kowa zai iya buɗewa ya karanta kyauta. A Afirka ta Kudu Jami'ar Cape Town ta buɗe tata a 1994, shekarar da mulkin wariyar launin fata ya zo ƙarshe, lokacin da ɗaliban da Turanci ba harshen gidansu ba ne suke ta ƙaruwa a jami'o'in da a da aka tsuke musu ƙofa. Wannan misalin ya fi kama da halin da muke ciki.

To ya aikin yake? Ɗalibi zai nemi lokaci, yawanci ta intanet, a ba shi rabin awa zuwa awa ɗaya. Ba ya biyan ko sisi, yana cikin hidimar da makaranta ke yi wa ɗalibanta. Zai zo da takardar jingar da malami ya bayar da abin da ya rubuta, ko da rabin shafi ne. Wanda zai tarar galibi ɗalibi ne ɗan'uwansa da ya ɗan yi gaba, aka horar da shi. Ba ya ba da maki, ba shi da hannu a sakamakon jarrabawa. Wannan kaɗai yana sa yaro ya saki jiki ya yi tambayar da zai ji kunyar yi wa farfesa.

Abu na farko da muke dubawa ba nahawu ba ne, kuma nan ne ɗalibai suka fi mamaki. Mukan ce: karanto mini tambayar malamin. Wallahi sau da yawa a nan matsalar take. An ce ka kwatanta abu biyu, kai ka zauna ka ba da tarihin kowanne daban. An ce ka kawo hujja, kai ka jero abin da wasu suka faɗa ka tashi. Ko Turancinka ya kai na Sarkin Ingila, ba ka amsa tambaya ba.

Daga nan sai in kife takardar in ce masa: faɗa mini da baki, a jimla ɗaya, me kake son mai karatu ya yarda da shi? A ce yarinya tana rubutu a kan kasuwar Mile 12. Da farko za ta ce, "Ina magana ne a kan tumatir." Wannan ai batu ne, ba matsaya ba. Sai in ci gaba da tambaya: me ya same shi? Me ya sa? Wa abin ya shafa? Can sai ta ce, "Ina so in nuna cewa asarar da ɗan kasuwa ke yi a hanya daga Kano zuwa Legas ta fi wadda yake yi bayan kaya sun sauka." Yawwa. Yanzu akwai abin da za a kare, akwai kuma abin da wani zai musanta. Sai in miƙa mata biro in ce rubuta shi yadda kika faɗa. Biron yana hannunta daga farko har ƙarshe, wannan ƙa'ida ce. Bayan nan za mu bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta a gefe aikin da kowanne yake yi. Wanda ba ya taimaka wa waccan jimlar, ita da kanta za ta ga ba shi da wurin zama.

Nahawu yana zuwa a ƙarshe, shi ma ba gyara masa za a yi layi-layi ba. Ana sa ɗalibi ya karanta aikinsa a bayyane, kunnensa ya kama abin da idonsa ya tsallake. Mai taimakon yana lura da kuskuren da ke maimaita kansa, ya ɗauki biyu ko uku, ya bayyana dalilinsu, ya gyara misali ɗaya tare da shi, saura ya bar masa. Wasu suna fita da fushi, sun zo a wanke musu takarda an ba su sabulu. Amma wanda aka gyara wa shafi goma yau, mako mai zuwa zai dawo da wasu goman masu irin wannan ciwon.

A nan ne nake tuna yaranmu na kudu. Yaron Sabo yana Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa, buroka a titi, Larabci a islamiyya, Turanci a aji. Ni ban ɗauki wannan a matsayin naƙasu ba, arziki ne. Sai dai kowane harshe yana barin sawunsa a takarda. Wanda bakinsa ya saba da buroka yakan manta alamar abin da ya wuce a jikin aikatau. Bahaushe yakan rikita P da F har a rubutu, yakan kuma zubar da ƙananan kalmomin nan da Turanci ke sa wa a gaban suna. Ba ƙarancin basira ba ne, abu ne mai tsari, in an nuna wa mutum sau biyu zai riƙa kama kansa. Akwai kuma tarbiyyarmu: an koya mana kada ka ja da malami, kada ka yi gaggawar faɗin ra'ayinka a gaban manya. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. A muƙalar jami'a kuwa ana so ka faɗi matsayarka tun a gabatarwa, ka kuma iya cewa wane ya ce kaza amma hujjarsa ba ta kai ba. Yaro yana bukatar wanda zai gaya masa wannan ba rashin kunya ba ne.

Sai maganar satar rubutu. Jami'o'i da yawa, har da na Najeriya, suna saka kundi a manhaja irin su Turnitin, wadda ke nuna inda rubutu ya yi daidai da na wani. Ɗalibai da dama suna faɗawa ba da niyya ba: sun kwafo sakin layi, sun canza kalma uku, sun ɗauka ya zama nasu. A cibiya ana koya musu su karanta, su rufe littafin, su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu, sannan su ambaci mai shi ta tsarin da sashensu ke bi, APA ne ko MLA. Mu da muka taso muna jin malamai suna cewa wane ya ruwaito daga wane, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. ChatGPT ma da ake ta yayi yanzu, zai iya zubo maka shafi biyar, har da sunayen littattafan da ba a taɓa wallafawa ba, kuma ba zai raka ka ɗakin kare kundi ba.

Ba kowane abu cibiyar ke magancewa ba. Wanda ya zo saura awa biyu a karɓi aiki, kaɗan zai samu. Mai taimakon kuma ba lallai ya san fanninka ba, ba zai gaya maka ko lissafin injiniyancinka daidai ne ba. Aikinsa ya zama mai karatu na gaskiya da zai ce maka nan ban gane ba.

A jami'o'in gwamnati na ƙasar nan ba kasafai ake samun irin wannan ɗakin ba. Abin da aka fi sani shi ne darasin Turanci na shekarar farko, inda ɗaruruwan ɗalibai ke cika zaure ɗaya da malami ɗaya. Amma tsarin ba ya bukatar gini. Ƙungiyoyin ɗalibanmu a Ibadan da Legas da Fatakwal za su iya ware yammacin Asabar a ajin wata islamiyya, 'yan ajin ƙarshe da masu digiri na biyu su zauna da na baya, mutum ɗaya ga mutum ɗaya, minti arba'in. Sharuɗɗan ba su da yawa: ɗalibi ya zo da tambayar malami da abin da ya rubuta, shi zai karanta a bayyane, shi zai riƙe biro. Wanda kuma ɗansa ya samu gurbin karatu a waje, ya ce masa a makon farko ya nemi inda cibiyar rubutun makarantarsu take, ya kai jingarsa ta farko aƙalla mako guda kafin ranar miƙawa.