Gangar Noma a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san aikin makaɗi: ba ya riƙe garma, amma da bugunsa manoma su ke sara tare. To, haka al'amarin ya ke cikin kwamfuta. A kan babban allon da kayan cikinta su ke dashe akwai ɗan dutse mai kama da ƙanƙara, wanda ke kaɗawa in lantarki ya ratsa shi, kowane aiki kuwa da wannan kaɗawa ya ke tafiya. Bugu ɗaya cikin daƙiƙa shi a ke kira hertz, don tunawa da wani Bajamushe, Heinrich Hertz. Miliyan ɗaya shi ne MHz, dubun wannan kuma GHz.

Malamai da akawuna sukan tambaye mu ko na'urar da ta fi babbar lamba ita ta fi aiki. Dā kam kusan haka ne. Kwamfutar IBM ta 1981 tana bugun 4.77 MHz, a shekarar 2000 aka kai 1 GHz, a 2004 Pentium 4 ta kai 3.8. Daga nan zafi ya tsai da tseren, gama in kiɗa ya tsananta ƙwaƙwalwar na'ura sai ta ɗauki zafin da ba a iya sanyaya shi da sauƙi. Sai maƙera suka koma ƙara yawan manoma, watau ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas cikin guda.

Ma'ajiyar aiki, wadda a ke ce wa RAM, nan ne masu talla su ke ruɗa jama'a. Wadda aka rubuta wa DDR4-3200 bugunta 1,600 MHz ne kurum, sai dai tana sara sau biyu kowane bugu, da saukar gula da ɗagawarta. In kuwa aka haɗa mai sauri da mai nawa a allo ɗaya, tafiyar mai nawa za su bi, kuɗin da aka ƙara ya tafi a banza.

Wayar hannu ita ma ana rubuta mata waɗannan haruffa, amma a wajen layin sadarwa ba kiɗa su ke nufi ba, zango ne irin na tashar rediyo. Tun 2001 a ke amfani da 900 da 1,800 MHz a Nijeriya. Ƙaramin ya fi cin nisa, ya fi kuma ratsa bango. Zangon 3.5 GHz, wanda Hukumar Sadarwa ta yi gwanjonsa a Disamba 2021 domin 5G, yana ɗaukar kaya da yawa saboda faɗin hanyar da aka yanka masa, amma ba ya nisa, sai an kafa turaku kusa da juna. Saboda haka malamin da aka tura makarantar ƙauye, kafin ya biya kuɗin waya, ya bincika wane zango turken garin ke watsawa, ya kuma tabbata wayar tana kama shi.