Sassaben Zamani: Darasin Maraɗi ga Manoman Paraku da Jugu

Duk wanda ya shiga kasuwar Arzeke ta Paraku, a Jamhuriyar Benin, zai tarar da man kaɗe da daddawa, zai kuma tarar da gawayi. Dukkansu daga itace suke fitowa, sai dai biyun farko sai itacen na raye ake samunsu, gawayi kuwa sai an kashe shi.

Ruwan da ake samu a Paraku da Jugu ya haura milimita 1,000 a shekara, don haka wani zai ce, ina ruwansu da hamada? Abin lura a nan shi ne, gurgusowar hamada ba yashi ba ne kawai da ke tahowa daga arewa. Ƙasa ce take mutuwa a inda take. Doya na son sabon fili, auduga na cinye ƙarfin ƙasa, ga shi kuma an rage barin gona ta zama saura.

Maraɗi ta Nijar, mai kusan rabin wannan ruwa, ta riga su shiga wannan hali. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara toho ne na kututturen itatuwan da saiwarsu ba ta mutu ba. Dabarar ita ce, manomi ya zaɓi toho kaɗan mafi ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya kare su daga wuta da dabbobi. Bayan farin 1984 abin ya bazu, har a 2009 masana suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ya yi fice a cikinsu, domin yana kaɗe ganye da damina, wato ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki.

Ɗalibi ya lura da sunan da aka ba dabarar: sassaben zamani. Asalin ma'anar “sassabe” sharar daji ce, amma “zamani” ta juya ta, ta koma zaɓen abin da za a bari.

A ganina manomin Jugu ya san rabin karatun, tunda ba ya sare babbar kaɗanya ko ɗorawa a gonarsa. Ƙananan ne garma ke tumɓukewa, alhali kaɗanya kan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya.