Ɗorawa: Itacen da ke Ciyar da Gida a Tsakiyar Bazara

Duk wanda ya bi hanyar Yelwa zuwa Wara, ko ya nufi ƙauyukan Shanga, zai ga gonakin tudu da aka share tas amma aka bar waɗansu manyan itatuwa a tsaye. Kaɗanya ce da kuka da tsamiya, sai kuma ɗorawa mai faɗin kai, mai kaurin ɓawo da ya tsattsage. Takan kai tsawon mita 20. Manoman Gungawa da Kambari da Hausawa sun bar ta ne saboda sun san abin da take ba su, kuma sun san lokacin da take bayarwa.

Da damina, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ɗorawa kore ce shar. Ganyenta ƙanana ne ƙwarai, jere bibbiyu a kan sili, amma yawansu ya sa inuwarta ke da duhu. Dawa da gero ba sa yin kyau sosai a ƙarƙashinta, shi ya sa manomi kan rage mata rassa. Idan kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ta zubar da yawancin ganyen na ɗan lokaci, ganyen ya ruɓe ya zama taki a gindinta.

A wannan lokaci na ƙura da bushewa ne take fure. Tsakanin Disamba da Maris za ka ga jajayen dunƙule suna reto a kan dogayen igiyoyi kamar tuntun dara. Kowane dunƙule ɗaruruwan ƙananan furanni ne a haɗe. Da magariba suke buɗewa, suna tsiyayar da ruwa mai zaƙi, kuma aikinsu na dare ɗaya ne. Jemagu ke zuwa shan wannan ruwa, garin furen ya manne a gashinsu, su kai shi wata bishiyar. Da sassafe ƙudan zuma ke ƙarasa aikin. Ke nan yaron da ke harbin jemage da danƙo yana rage wa uwarsa kalwar baɗi bai sani ba.

Bayan fure sai 'ya'ya su zubo a tare, dogaye, kore da farko, su yi ja-ja-ja idan sun nuna. Nunarsu kan zo ne daga Afrilu zuwa farkon damina, lokacin da zafi ya tsananta, rumbu ya yi ƙasa, ruwan tafkin Kainji ma yana ja da baya. Itacen yana iya wannan ne saboda saiwarsa na nutsawa can ƙasa ta samo danshin da hatsi ba ya kaiwa. Garin ɗorawa mai ruwan ɗorawa yana da zaƙi, yara na tsotsa, manya na damawa su sha su tafi sharar gona.

Babbar dukiyar tana cikin kalwa. Mata kan dafa ta tsawon yini ko kwana har ta yi laushi, su surfe ta a turmi, su wanke ɓawon, su sake dafawa, sannan su rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. A nan wasu ƙwayoyin halitta da masana ke kira Bacillus subtilis suke narkar da ita ta zama daddawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kalwa sinadarin gina jiki ne, don haka daddawa ta wuce abin ƙanshin miya kawai, musamman a gidan da nama ba ya shiga kullum. Kasuwarta ta game Afirka ta Yamma: Yarbawa na ce mata iru, mutanen Mali da Burkina Faso na ce mata sumbala. Ko ɓawon waje da ke rufe da garin ɗorawar ba a yar da shi. Shi ne makuba da ake jiƙawa a yi daɓe ko a shafe bango don ya jure ruwa.

Sunan da masana kimiyya suka san ta da shi, Parkia biglobosa, yana da alaƙa da kogin Kwara. A 1826 Robert Brown ya laƙaba wa danginta sunan Mungo Park, Baturen da ya biyo Kwara a jirgin ruwa, ya yada zango a Yawuri, ya halaka a Busa a 1806. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwa tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tare da tsibirai da gonaki masu yawa na bakin kogi.

Abin damuwa a yau shi ne yawancin ɗorawar da ke gonaki tsofaffi ne. Ana tsince kalwa kakaf a kai kasuwa, wani lokaci tun ba ta nuna ba. Ɗan abin da ya tsiro, awaki su cinye, ko wutar daji ta lashe, ko garma ta tumɓuke. Masu gawayi da masu yankan katako kuma suna kayar da manyan. Itacen kuwa sai ya shekara 5 zuwa 10 kafin ya fara haihuwa.

Gyaran yana hannun manomi. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin tsiron itace a gona a riƙa gyara shi maimakon sarewa, har ƙasarsu ta farfaɗo. Haka za a iya yi a Ngaski da Shanga da Yawuri. A ware kalwa daga itace mai yawan haihuwa, a jiƙa ta a ruwan zafi don ɓawon ya yi laushi, a shuka da saukar damina, a kewaye tsiron da ƙaya har ya fi ƙarfin akuya. Hakimai da dagatai su hana tsinkar ɗanya da sarar mai haihuwa. Idan kowane magidanci ya raya ɗorawa biyu a gonarsa, matan gidansa da jikokinsa ba za su sayi daddawa daga wata ƙasa ba.