Idan Inji Ya Mutu Jirgi Yana Tashi

Ranar 20 ga Fabrairu, 2021, wani Boeing 777 na kamfanin United ya tashi daga Denver ta Amurka zai nufi Honolulu, ɗauke da mutane sama da 200. Minti huɗu da barin ƙasa, yana cikin hawa, sai aka ji wata ƙara mai firgitarwa. Ɗaya daga cikin fuka-fukan babbar fankar da ke bakin injin dama ne ya karye. Murfin injin ya yage, ɓaraguzansa suka zubo kan garin Broomfield, har wani ƙaton zoben bakin injin ya faɗo a ƙofar wani gida. Fasinjojin da ke gefen taga suna kallon injin yana karkarwa yana ci da wuta. Bayan kamar minti 24 da tashi, jirgin ya koma Denver ya sauka, ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

Allah ne ya tsare, wannan babu ja. Amma tsarewar ta biyo ta hanyar wani shiri da aka yi tun jirgin yana ƙasa, kuma shirin nan ana yin sa a kowane tashi, a Denver ne ko a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Tushen maganar shi ne, hukumomin sufurin sama ba sa ba jirgin fasinja mai inji biyu takardar izini sai an tabbatar zai iya rasa inji ɗaya a lokaci mafi muni, wato daidai sa'ad da yake sheƙa gudu a kan titi da cikakken lodi, kuma duk da haka ya tashi ya ci gaba da hawa. Ba hawa mai sauri ba ne. Ƙa'ida ta nemi aƙalla kashi 2.4 cikin ɗari, ma'ana duk tafiyar mita dubu ya ɗaga sama da mita 24. Kaɗan ne, amma an auna shi da dogayen gine-gine da tuddan da ke gaban titin.

Saboda haka kafin a rufe ƙofa matuƙa suke zama su yi lissafi: nauyin jirgi, tsawon titi, iska, zafin gari, da ko titin a jiƙe yake. Zafi yana da tasiri sosai, don iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun cikakken ƙarfinsa, fiffike ma ba ya samun abin da zai dogara a kai kamar yadda yake samu da sanyin safiya. A watan Afrilu, ranar da zafi ya kai digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Yamai, jirgin da zai ɗauki wani nauyi da asuba ba lalle ya iya ɗaukarsa da azahar ba. Idan an rage kaya a irin wannan rana, sau da yawa ba don injuna biyu ba za su iya ba ne. Don ɗaya shi kaɗai ba zai iya ba ne.

Daga lissafin nan ake fitar da wani ma'aunin gudu da ake kira V1, wanda a manyan jirage yakan kama tsakanin kilomita 250 zuwa 300 a awa. Idan inji ya mutu kafin a kai wannan gudu, matuƙi zai janye ƙarfi, ya danne birki, ya tsaya, don ragowar titin za ta ishe shi. Idan kuwa an wuce shi, to tashi za a yi, ko da inji yana ci da wuta. Wannan yana da wuyar shiga zuciya. Hankalin mutum yana cewa ƙasa ta fi aminci. Amma jirgin da ya wuce V1 ya ce zai tsaya, zai iya cinye titin ya faɗa katanga ko kwalbati ko gidajen mutane da tankunansa cike da mai. Shi ya sa ba a barin wannan shawara sai abin ya faru. An yanke ta tun a ƙasa, kuma ana faɗar “V1” da babbar murya a ɗakin tuƙi, kyaftin ya ɗauke hannunsa daga sandunan ƙarfin inji, don kada ma hannun ya yi masa gardama.

To an tashi da inji ɗaya. Abu na farko da matuƙi zai ji shi ne jirgin yana karkata. Kamar shanun huɗa ne idan ɗaya ya tirje ɗaya yana ja, garma ɓangaren wanda ya tirje za ta juya. Maganin haka yana jelar jirgi, inda akwai wani tsayayyen allo da ake juyawa da ƙafa. Matuƙi zai taka ɓangaren injin da ke da rai, ya miƙar da hancin jirgin, a ɗage tayoyi, a riƙe gudun da aka tsara. A yawancin kamfanoni ba a taɓa wani makunni na inji sai an kai tsayin ƙafa 400 ko fiye. Ko hasumiyar filin jirgi ba a gaggawar kira. Tsarin da ake koya wa matuƙa shi ne a fara riƙe jirgi, sannan a san inda aka dosa, magana ta zo daga baya. Kusan duk wata shida ana shigar da su na'urar kwaikwayon tuƙi a kashe musu inji daidai V1, har abin ya zauna musu a ƙafa.

Sai an sami tsayi ake ɗauko takardar matakai, ɗaya yana karantawa ɗaya yana tuƙi. A rufe wa injin mai, a yanke shi daga wutar lantarki da sauran bututu, idan akwai gobara a fesa masa sinadarin kashe wuta, wanda yawanci kwalba biyu ake tanada. Matuƙan United sun fesa duka biyun. Sannan a kira hasumiya, idan rayuka na cikin haɗari a ce “Mayday”. Da jin wannan kalma masu kula da zirga-zirgar jirage za su kawar da sauran jirage, su tambayi yawan mutane da yawan mai, su sa 'yan kwana-kwana su jeru a gefen titi.

Ina za a sauka? Ga mai inji biyu, doka ta ce filin da ya fi kusa kuma ya dace. Galibi wanda aka baro ne, amma ba kullum ba. Akwai ranar da hazo ko hadari zai bar jirgi ya tashi amma ba zai bar shi ya sauka ba, don sauka ta fi bukatar gani. Mu da muka san hazon hunturu mun san irin wannan rana. A nan dole tun kafin tashi a zaɓi wani filin da bai wuce tafiyar awa ɗaya da inji ɗaya ba. Mai inji huɗu yana da sarari fiye da haka. A Fabrairun 2005 wani Boeing 747 na British Airways ya rasa inji jim kaɗan bayan tashi daga Los Angeles, ya ci gaba da uku har ya ƙetare tekun Atlantika, sai dai a Manchester ya sauka maimakon Landan saboda fargabar mai, kuma hukumomin Amurka ba su ji daɗin wannan shawara ba.

Fasinja kan yi mamakin ganin jirgi yana ta kewaya sama alhali an ce inji ya lalace. Nauyi ne dalili. Boeing 777-300ER zai iya tashi da kusan tan 351, amma iyakar nauyin saukarsa kusan tan 251 ne. Manyan jirage irinsa suna da bututun zubar da mai, kuma ana yi ne daga can sama don man ya watse kafin ya iso ƙasa. Boeing 737 da Airbus A320 ba su da shi, sai dai su kewaya su ƙona man. Idan kuwa akwai wuta ba a jira, a sauka da nauyin, birki ya yi zafi, injiniyoyi su duba daga baya. Haka matuƙan Denver suka yi.

Abin da ya fi ban tsoro a wannan sha'ani, a ganina, ba mutuwar injin ba ce, gaggawa ce. Ranar 8 ga Janairu, 1989, wani Boeing 737-400 na British Midland ya tashi daga Landan zuwa Belfast. Fiffiken fanka ya karye a injin hagu, jirgi ya ɗauki jijjiga, hayaƙi ya shigo. Matuƙan suka ɗauka na dama ne, suka rage masa ƙarfi, jijjigar ta lafa, sai suka gamsu suka kashe shi, suka juya zuwa filin East Midlands. Fasinjoji da ma'aikatan da ke baya sun ga wuta a hagu, fasinjojin kuma sun ji kyaftin yana sanar da cewa matsalar a dama take, amma babu wanda ya kai maganar ɗakin tuƙi, kowa yana ganin ai matuƙa sun fi shi sani. Da aka zo sauka aka ƙara wa injin hagu ƙarfi, sai ya mutu gaba ɗaya. Jirgin ya faɗi a gefen babbar hanyar M1 kusa da ƙauyen Kegworth, titin sauka yana gabansa. Mutum 47 suka rasu cikin 126. Irin wannan kuskure ya sake faruwa a Taipei a 2015, inda matuƙin TransAsia ya kashe injin da ke da lafiya, mutum 43 suka rasu.

Shi ya sa a yau ƙa'idar ita ce matuƙi ba ya kashe inji shi kaɗai. Zai ɗora hannu a kan makunnin, ya ambaci lambar injin, ya dakata sai abokin aikinsa ya duba agogunan ya tabbatar da bakinsa. Ma'aikatan cikin jirgi kuma ana horar da su tare da matuƙa, an kuma ɗora musu nauyin su ɗauki waya su faɗi abin da suka gani da ɓangaren da suka gan shi, ko da ya saɓa wa abin da kyaftin ya sanar.